Ƙafar Auduga

Duk direban da ya taɓa kawo wa Auta babbar mota ya san dokarsa, kuma babu wanda bai yi gunaguni a kanta ba. In ka ce giyar motarka tana ba ka wahala, ba zai karɓi makulli ya ce ka je ka dawo ba. Kai za ka hau ka tuƙa, shi kuma ya zauna a gefenka da na'urarsa a kan cinya, wayarta a soke a ƙarƙashin dashbod, yana karanta abin da ƙwaƙwalwar motar ke faɗa tana cikin tafiya. Manyan motocin yanzu ai ba su bar wa direba aikin kuloci ba. Ƙwaƙwalwar ce ke sa giya da kanta, tana la'akari da nauyin kaya, da gudun tayoyi, da yadda ƙafar direba ke taka totur. Saboda haka Auta ba ya yarda da gwajin da aka yi mota na tsaye, ba ya kuma yarda wani ya tuƙa in ba mai ƙorafin ba. Direbobi su yi ta mita, wai bakanike ya mai da su yaransa, amma a ƙarshe su hau, don a duk layin garejin babu mai gano ciwon giyar lantarki kamarsa.

Mutum ɗaya ne dokar ba ta hawa kansa, shi ne yayansa.

To ta yaya za ta hau? Ranar da mahaifinsu ya rasu Auta bai ma san ciwon kansa ba. Yaya ne ya ciyar, ya tufatar, ya doka in an yi laifi, ya kai shi koyon aiki wajen wani tsoho mai gyaran wayar mota, ya kuma yi masa aure. Yau ga Auta da furfura a gemu da 'ya'ya a sakandare, amma a bakin Yaya har gobe "yaro" ne. In Yaya ya shigo gareji, mutumin da manyan direbobi ke jira a layi sai ya miƙe da sauri ya kakkaɓe masa benci, maƙwabtan rumfa suna ƙunshe dariya.

A tashar manyan motoci kuwa Ƙafar Auduga ake ce wa Yaya, kuma ya ci sunan. Kamfanin dakon da yake wa aiki ba ya ɗora gilashi ko tayal a motar kowa sai tasa, domin in ya tashi mota ba ka sanin ta tashi sai ka ga gine-gine suna wucewa. Sa'ad da aka kawo motoci masu sa giya da kansu, shi ya fi kowa zaginsu. Ya ce motar ragwaye ce, an ƙera ta ne don waɗanda suka sayi lasisi. Ba a jima ba ya fi kowa iya lallaɓa ta, amma zagin bai daina ba, don Yaya ba ya janye magana.

Sai ga shi bana motarsa ta tsiro da wani hali. In ta kama hawa da kaya, sai ta riƙa sauke giya tana mayarwa, tana fizga kamar mai shaƙuwa. Tayal ya farfashe a wata tafiya, gilashi ya tsage a wata. Yaya ya kawo ta gareji yana huci.

"Yaro, duba mini wannan ja'irar. Ta fara raina ni."

A zuwan farko na'ura ta nuna lambar matsala guda, ta sensar da ke auna gudu. Auta ya canja sensar, ya goge lambar, ya ce Yaya ya hau a gwada. Yaya ya ce shi yunwa yake ji. "Tuƙa ka dawo mana. Ko ka manta wa ya koya maka?" Auta ya tuƙa, mota ta tafi sumul. Ba a daɗe ba sai ga Yaya ya dawo da ƙorafin nan dai. Wannan karon na'ura ta ce babu komai, ko lamba ɗaya. Auta ya kwanta a ƙarƙashin mota ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya wanke bakin kowane soket, ya naɗe inda ya ga roba ta goge. Da lokacin gwaji ya yi sai Yaya ya tuna yana da saƙon da zai kai cikin gari. Daga baya har sensar fedar totur sai da Auta ya canja, ba don na'ura ta zarge ta ba, sai don ya rasa abin canjawa. Da wani direba ne yake zille wa gwaji haka, da tuni Auta ya ɗago shi. Amma wannan Yaya ne, abin bai ko gifta masa a rai ba.

Ran nan da hantsi manajan kamfanin ya zo da kansa. Mutum ne mai sanyin murya, ba mugu ba, irin wanda in zai gaya maka magana mai zafi sai ya fara tambayar lafiyar yara ɗaya-ɗaya. Ya ja Auta bayan wata tirela da aka ɗage, inda ƙarar injin walda za ta rufe maganarsu.

"Malam Auta, gaskiya nake so. Makon da yayanka ya huta, na ba wani direba motar nan. Ya je ya dawo, bai ce ta yi komai ba."

"Wataƙila kayansa ba nauyi, ranka ya daɗe."

"Siminti ya ɗauko."



"Ni ba na son in zalunci kowa," in ji manajan. "In motar ce, a sauke giyabos ɗin gaba ɗaya, kamfani ya ɗauka. In kuwa ba ita ba ce, to ba zan bar mutum a kan titi da tirela ba. Da la'asar zan dawo. Abin da ka ce da shi zan yi aiki, don ban taɓa kama ka da ƙarya ba."

Ya tafi ya bar Auta a tsaye da sifana a hannu. Haushi ne ya fara zuwa masa. Wa ya isa ya zargi tuƙin Yaya? Mutumin da ya fara riƙe sitiyari tun manajan yana rarrafe! Bayan haushin sai tsoro ya biyo, wanda ya rasa dalilinsa. Ya shiga rumfa ya ɗauko na'urar, ya goge fuskarta da gefen riga, yana roƙon Allah ya sa a sami matsala, babba ma, mai tsada, ko da giyabos ɗin ne ya narke ƙurmus. A duk rayuwarsa bai taɓa yin addu'a irin wannan a kan mota ba.

Bayan azahar Yaya ya iso, tirela ɗauke da tayal ɗin tafiyar gobe. Ya sauko yana miƙa, ya cilla wa Auta makulli kamar kullum.

Auta ya cafe, ya mayar masa. "Yaya, yau kai za ka tuƙa."

"Aski zan je."

"Askin zai jira, Yaya."

Yaya ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Lalle. Yau kuma ni ake kafa wa doka? Kai, jama'a, ku zo ku ga yaron da na share wa majina!"

Mai walda da mai faci suka kwashe da dariya. Auta ya yi murmushin dole, amma bai matsa daga gaban ƙofar ba. "Ka yi haƙuri, Yaya. A hannuna ba ta taɓa yi ba. In ban gan ta a ƙafar da take yi wa ba, har abada ba zan gano ba."

Yaya ya daɗe yana kallon makullin a tafin hannunsa. Daga nan ya ce, "To, mu je," ya kama ƙarfen ƙofa ya hau.

Cikin motar Yaya ya fi ɗakin wasu tsabta. Dardumar salla a naɗe a bayan kujera, buta a ɗaure da roba don kada ta gangara, fulas ɗin shayi a cikin tsohuwar safa, hoton jikarsa a maƙale a jikin gilashi tana dariya da giɓi. Ko'ina ƙamshin turare ne ya gauraye da na dizal. Auta ya sunkuya ya soke wayar, na'ura ta yi ƙara ta farka. Ya zaɓi abubuwa uku da zai sa wa ido: lambar giyar da mota ke ciki, gudun inji, da kuma wani siririn layi kore da ke nuna yadda aka taka totur. In ƙafa ta tsaya wuri ɗaya, layin kwanciya yake yi. In ta ƙara ya hau, in ta sassauta ya sauka.

A cikin gari Yaya ya yi ta zuba, fiye da yadda ya saba. Ya zagi masu babur, ya zagi wanda ya tsara shataletale, ya ba da labarin wani sabon direba da ya yi baya da tirela ya shiga rumfar mai shayi. Auta yana dariya, idonsa na kan na'ura. Layin kore yana ɗan rawa kaɗan-kaɗan, amma titin duk ramuka ne, kowace ƙafa za ta yi haka. Ya ji sanyi a ransa.

Sai suka wuce masana'antar bulo, suka kama hawan da ke bayanta. Sabuwar kwalta ce, ko tsakuwa babu. Inji ya ɗauki gurnani, nauyin tayal ya ja baya, wurin da ake so ƙafa ta danna ta tsaya cak. Yaya ya yi shiru a tsakiyar labari.

Layin ya fara karkarwa. Ya hau, ya faɗo, ya hau, ya faɗo, ƙanana-ƙanana da sauri kamar haƙoran zarto. Ƙwaƙwalwar motar, baiwar Allah, abin da aka gaya mata take bi. Ta ji an danna ta sauke giya, ta ji an saki ta mayar, ta sake jin an danna ta sake saukewa. Motar ta fizga. A baya tayal ya amsa da ƙara.

"Ka ji ta ko?" in ji Yaya, idonsa na kan titi. "Ka ji ja'irar?"

Auta bai so ya duba ƙasa ba, wallahi bai so ba, amma idonsa ya sauka da kansa. Gwiwar Yaya ta dama tana tsalle a cikin wandonsa mai faɗi. Hannun hagu ne kaɗai a kan sitiyari. Na daman yana kan gwiwar, ya danne ta da ƙarfi har jijiyoyi sun tashi, ita kuwa ta ƙi tsayawa. Takalmin yana bugun fedar a hankali, ba ƙaƙƙautawa.

A saman hawan akwai fili inda manyan motoci ke hutawa. Ya ce a tsaya, Yaya ya tsaya. Auta ya zagayo ya buɗe ƙofar direba, ya roƙi Yaya ya ɗan janye ƙafa, ya durƙusa a kan matakala ya danna fedar da tafin hannu, inji na aiki mota na tsaye. Layin ya hau sumul, ya sauka sumul. Ya sake. Ya girgiza wayar sensar, ya ja ta, ya murɗa soket ɗin, ya ƙwanƙwasa gindin fedar da ƙotar sukundireba. A ransa roƙonta yake yi ta yi tsalle ko sau ɗaya, ya sami abin da zai kama. Ta ƙi. Aikin da ya yi da hannunsa ne, kuma aikin ya yi kyau.

"Me ta ce?" Yaya ya tambaya daga sama.

"Ina zargin waya, Yaya."

"Wacce? Ai babu wadda ba ka taɓa ba."

Auta ya ci gaba da kallon fedar. Gumi na ɗiga daga hancinsa.

"Tashi," in ji Yaya. "Hau nan. Ba ni abin naka in riƙe."

Suka yi musayar kujera. Auta ya gangara da motar har ƙasa, ya juyo a gaban masana'antar bulo, ya sake kama hawan. Ya so ya girgiza ƙafarsa da gangan, har ya fara, sai kunya ta kama shi, don Yaya zai gane kafin motar ta gane. Ta hau lafiya lau, ta sauke giya sau ɗaya a inda ya dace, ba ta ƙara ba. Yaya ya riƙe na'urar da hannu biyu kusa da fuskarsa, tana motsi a hannunsa.

"Wannan koren shi ne ƙafa?"

"Shi ne."

"Naka a kwance yake."

Da suka koma filin Auta ya ja birkin hannu ya kashe inji. Ƙarfen injin na ɗan ƙara yana hucewa. Can ƙasa ana ganin rufin gidaje da hayaƙin masana'anta.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun bara. Da ɗan yatsa ya fara." Ya ɗaga hannun dama ya dube shi kamar na wani. "Antinka ta ɗauka na daina son shayi ne. Kofin ne nake jin kunyar ɗagawa a gabanta."

"Ka je asibiti?"

"Na je, a wani gari, inda ba a san ni ba. Sun ba ni ƙwayoyi. Sun ce ana rage shi, ba a raba mutum da shi."

"To me ya sa ka bar ni ina ta kwance wayoyi? Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Yaya ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Na ce ko Allah zai sa ka samo mata wani laifi. Ranar da ka ce sensa ce, ka san barcin da na yi? Na ce ashe ba ni ba ne. Mota ai ana gyara ta, yaro."

Auta ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Bai taɓa kuka a gaban Yaya ba tun yana ƙarami, don Yaya ba ya son kuka, amma yau abin ya fi ƙarfinsa. Yaya ya bar shi har ya yi shiru don kansa, sa'an nan ya matso, ya rage murya kamar akwai mai jin su.

"Saurara. Na ji ana cewa da abin nan kana iya shiga ƙwaƙwalwarta ka canja mata hali. Ka sa ta daina saurin ji. In ƙafa ta yi rawa, ta yi kamar ba ta ji ba. Kana iyawa?"

Akwai abin da zai iya. Yana iya rage mata zafin amsawa, ya sa ta daɗe a giya ɗaya kafin ta canja, fizgar ta ragu har manaja ya ce an gyara. Aikin da ba zai kai shan shayi ba ne. Auta ya san haka, kuma Yaya ya ga ya sani a fuskarsa.

"Shekara biyu kawai nake nema," in ji Yaya. "In aurar da 'yata ta ƙarshe, in rufa ɗakin baya, in sauka da kaina da mutuncina. Ba a sauke ni ba."

"Yaya, ƙafar da ke taka totur ita ke taka birki."

"Birki ban taɓa kuskure shi ba."

"Na'urata ba ta da abin da za ta yi wa birki."

"Na ce ban taɓa kuskure shi ba!" Yaya ya daki dashbod, hoton jikarsa ya karkace. "Shekara nawa ina kan titi, ko akuya ka taɓa jin na taka? Kai har ka isa ka koya mini birki? Wannan abin da kake taƙama da shi, wa ya sayo maka shi? Ni na ɗauko shi a cikin jakata, na naɗe shi da rigata don kada ya fashe. Ashe wuƙar yanka ni na sayo."

"Yaya, ka yi wa Allah..."

"Tashi daga kujerata."

Auta ya tashi. Da ya ce a'a, da ya riƙe makullin, amma shekara arba'in na "to, Yaya" ba sa barin bakin mutum a yini ɗaya. Ya koma gefe, ya kife na'urar a kan cinya don kada ya ƙara ganin layin.

Yaya ya gangara da motar a hankali, da ƙwarewar da ta sa aka ba shi sunansa. Har Auta ya fara ce wa kansa wataƙila shi ne ya cika tsoro. Sai a mahaɗar kasuwa danja ta nuna ja, wani mai babur da mace a bayansa ya tsaya a gabansu. Yaya ya taka birki. Motar ta kama, ta saki, ta sake kamawa da ƙarfi, iska ta yi tsaki a ƙarƙashinsu. A baya wani abu ya fashe. Suka tsaya, hancin motar bai fi kamu ɗaya daga bayan matar ba. Ita ba ta ma waiwayo ba, tana gyara ledar da ke cinyarta. Yaya ya sa hannu ya daidaita hoton jikarsa. Ya ja motar suka koma gareji.

Manajan na zaune a kan benci yana jira. Ya miƙe ya gaida Yaya da girmamawa, ya tambayi iyali. Yaya ya amsa da fara'a, har da tsokana, kamar ba shi ba. Kafin manajan ya juya wajen Auta, Yaya ya riga shi.

"An gano, ranka ya daɗe. Waya ce, can cikin ƙwaƙwalwar. Zai ɗan daidaita ta yanzu, gobe in kama hanya." Ya juyo ya dubi Auta. "Gaya masa mana, ƙanina."

Auta ya san fuskar Yaya in yana fushi, ya san ta in yana ba da umarni. Wannan bai taɓa ganinta ba. Roƙo ne tsirara a idon mutumin da bai taɓa roƙon kowa komai ba, a gaban mai walda da mai faci da suka bar aikinsu suna saurare. Auta ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya so Yaya a wannan lokacin fiye da duk yadda ya taɓa son sa, kuma ya san abin da zai faɗa ba zai taɓa goguwa a tsakaninsu ba.

"Malam Auta?" in ji manajan.

"Motar lafiyarta ƙalau, ranka ya daɗe." "Babu abin da ya same ta."

Mai walda ya sunkuyar da kai ya koma rumfarsa. Manajan ya gyaɗa kai a hankali, bai tambayi komai ba. Ya fara magana a kan wani aiki a harabar kamfani, na duba yadda ake ɗaure kaya, ya ce mutum irin Yaya ba a yar da shi, ya ce a je gida a huta a yi shawara. Yaya ya saurare shi har ƙarshe.

"Na gode," ya ce. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullai.

Makullin motar yana zobe ɗaya da na ƙofar gidansa. Ya sa farce zai buɗe zoben, farcen ya zame. Ya sake, makullan suka yi ta kaɗawa suna ƙara a hannunsa. Ya juya baya ga mutane ya dafe su a ƙirji ya sake gwadawa, wuyansa ya jiƙe da gumi. Auta ya matso ya miƙa hannu.

"Bari," in ji Yaya, bai dube shi ba.

Ya ci gaba da fama. Manajan ya kau da kai yana kallon tayoyin tirela. Zoben ya kuɓuce ya faɗi a ƙasa cikin baƙin mai. Yaya ya tsaya yana kallonsa, bai sunkuya ba.

Auta ya durƙusa ya ɗauka. Ya goge shi da rigarsa, ya buɗe zoben, ya zare makullin motar ya ba manajan. Sa'an nan ya miƙa wa Yaya na gidan da hannu biyu, yana durƙushe. Yaya ya karɓa ya jefa a aljihu.

"Yaya, bari in ɗauko babur in kai ka."

"Zauna ka yi aikinka. Ka iya shi."

"Kayanka na cikin mota, da dardumarka..."

"Ka aiko da su. Kada ka kawo da kanka."

Ya bi ta tsakanin tirelolin ya nufi ƙofar gareji, kansa a sama, yana amsa gaisuwar masu rumfuna da ɗaga hannun hagu. Auta ya bi shi har bakin titi, daga nan ƙafarsa ta ƙi gaba. Ya tsaya yana kallon bayan yayansa a cikin masu tafiya a ƙasa, yana jan ƙafar dama kaɗan-kaɗan, yana raɓewa gefe duk lokacin da babbar mota ta yi masa ham. Zuciyar Auta ta karye. Ya yi ta jira ko Yaya zai waiwayo ya ce masa yaro, ko da zagi ne, har Yaya ya sha kwana.